Ƙaramar sakandaren unguwa: yadda iyaye za su bi hukumomin birni har a yi musu aiki

Iyaye 'yan uwana, maganar ƙaramar sakandaren unguwa nake so mu yi, makarantar da yaranmu ke shiga bayan firamare, 'yan shekara 11 zuwa 14 ɗin nan da ba su zama manya ba kuma sun wuce a riƙe musu hannu. Kusan ko'ina matsalolin kama suke da juna, aji ya cika maƙil, rufi na yoyo, banɗaki ya lalace, tun zangon da ya wuce babu malamin lissafi, titin gaban makaranta motoci na sharara gudu ba wurin tsallakawa, ko kuma babbar magana, a fara jin ƙishin-ƙishin za a rufe makarantar a haɗe ta da wata can nesa. Sai guruf ɗin WhatsApp ya ɗau zafi kwana biyu, kowa ya zuba abin da ke ransa, daga nan shiru kake ji, yaran kuma gobe su koma ajin yadda yake.

Ni a ganina kishi iyaye na da shi, abin da ke kayar da mu rashin sanin ƙofar da za a ƙwanƙwasa ne da kuma lokacin da ya kamata a ƙwanƙwasa ta. Jami'in gwamnati kullum cikin karɓar koke yake, ya saba da fushin mutane. Abin da ke tayar da shi daga kujera shi ne ya ga buƙata guda ɗaya a rubuce, wadda take ƙarƙashin ikonsa, daga hannun mutanen da ya tabbata wata mai zuwa ma za su dawo.

Da farko ku tsayar da abu ɗaya

Ku haɗu ko ku biyar ne ko bakwai, ba sai an cika ɗaki ba. Kowa ya faɗi abin da ke damunsa, za ku ga an lissafo abubuwa sun fi goma kuma duk gaskiya ne, amma dan Allah guda ɗaya za ku ɗauka ku fara da shi. Wanda ya shafi yara da yawa, wanda ido zai iya gani in an yi shi, kuma akwai mutum takamaimai da zai iya sa hannu a kai. In kuka je kuka ce "a gyara mana makaranta" za a ce muku to madalla muna kan dubawa, kuma ba ku da bakin cewa an saɓa alkawari domin ba a ɗauki alkawarin komai ba. Amma in kuka ce "banɗakunan 'yan mata guda huɗu da aka rufe, muna so a gyara su kafin a dawo hutu", wannan ko an yi ko ba a yi ba, babu tsaka-tsaki.

Kafin ku taka ofishin kowa ku fara zama da shugaban makarantar. Kada ku tsallake shi, tsallake shi na sa ya ɗauke ku abokan gaba alhali sau da yawa shi ma ya rubuta takarda kan wannan matsalar ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, an yi masa shiru. Ku tambaye shi yaushe ya rubuta, wa ya aika wa, me aka ce masa. Ku sani shi ma'aikaci ne, ba zai iya fitowa fili ya soki shugabanninsa ba, haka malamai, to duk abin da suka gaya muku a asirce kada ku kuskura ku kira sunansu a taro ko a intanet. Aikinsu ne ke cikin haɗari, ku kuma ba mai korarku daga zama iyaye.

Na biyu, ku gano wa ke da ikon abin

Nan ne aka fi ɓata lokaci, shi ya sa zan ɗan daɗe a kai. Mutane na ɗauka tunda makaranta a cikin birni take to magajin gari ko kansila ne ke da ita, kuma ba kullum haka yake ba. A Faransa misali, hukumar gari ginin makarantun firamare take kula da shi, ginin ƙaramar sakandare yana hannun hukumar gunduma da ke sama da gari, babbar sakandare tana hannun hukumar yanki, albashin malamai kuma gwamnatin ƙasa ke biya. Ka ga wanda ya yi wata uku yana zarya ofishin magajin gari kan rufin ƙaramar sakandare a can, ya yi ta bugun ƙofar da ba ita ba ce. A Amurka yawancin wurare akwai hukumar makarantu ta musamman da jama'a ke zaɓen mambobinta, kasafinta daban da na majalisar birni, amma birnin New York tun 2002 magajin gari ne ke riƙe da ragamar makarantun gwamnati. A Ingila kuma akwai makarantun gwamnati da yawa da suka fita daga ƙarƙashin ƙaramar hukuma, suna karɓar kuɗinsu kai tsaye daga gwamnatin tsakiya. Ko'ina da tsarinsa, dole ku binciki naku.

Tambayoyi uku za ku yi, ku rubuta amsar da suna da muƙami: wa ke da ginin, wa ke ɗauka da tura malamai, wa ke sa hannu a fitar da kuɗin gyara. Sau tari ofisoshi uku ne daban. Maganar titi da fitila da wurin tsallakawa ma ba ta sashen ilimi ba ce gaba ɗaya, ta sashen hanyoyi ce ko na ayyuka, kuma wannan yawanci shi ne yake hannun hukumar birni kai tsaye.

Sannan ku duba ko ita kanta makarantar tana da kwamitin da doka ta ba iyaye kujera a ciki. A Chicago tun dokar gyaran makarantu ta 1988 makarantun gwamnati ke da majalisarsu ta cikin gida, iyaye shida ne a ciki, su ne suka fi kowane rukuni yawa, kuma majalisar tana da ta cewa wajen zaɓen shugaban makaranta da amincewa da kasafinta. Ƙasashe da dama na da irin wannan kwamiti da sunaye daban-daban. Abin da ke ba ni takaici shi ne sau da yawa kujerun iyayen a banza suke, ba wanda ya tsaya takara, ko kuma mutum ɗaya ya shekara da shekaru a kai ba wanda ya san shi. In akwai irin kujerar nan ku cike ta, takardar da ta fito da sunan kwamitin da doka ta sani nauyinta daban.

Ku kuma bambance zaɓaɓɓe da ma'aikacin dindindin. Kansila da magajin gari ƙuri'a suke ji, yawan mutane ne ke motsa su. Darakta da injiniya da jami'in kasafi takarda da ƙa'ida suke ji, kuma su ne za su rage a ofis bayan an canja gwamnati. Dukkansu kuna buƙatarsu. Kada kuma ku raina sakatare ko mataimakin da ke tsara wa babba lokacinsa, ku gaishe shi da mutunci ku riƙe sunansa, domin shi ke sanin takardar da ke sama da wadda ke ƙasan tebur.

Na uku, hujja

Gani ya kori ji. Ku ɗauki hotuna masu kwanan wata, ku ƙirga yaran da ke kowane aji da kujerun da ke ciki, ku rubuta ranakun da aka yi babu malamin darasi kaza, in maganar rufe makaranta ce ku bi hanyar sabuwar makarantar da ƙafa da safe a lokacin da yara za su bi ta, ku auna minti nawa ne, manyan tituna nawa za a tsallaka, akwai motar haya ko babu. Kada ku ƙara gishiri ko kaɗan, in yara 62 ne a aji ku ce 62, ranar da aka kama ku da ƙari guda ɗaya duk sauran gaskiyarku ta shiga shakku. Fuskokin yara kuma kada su fito a hoton da zai shiga intanet, ko da iyayensu sun ce ba komai ni ina ganin gara a bari.

Sauran hujjar tana hannun gwamnati kuma a ƙasashe da yawa kuna da haƙƙin nemanta. Birtaniya na da dokar 'yancin samun bayanai ta 2000 da ta ba hukuma kwanakin aiki 20 ta amsa, Indiya ta yi tata a 2005 da wa'adin kwana 30, Najeriya a 2011 da wa'adin kwana 7, a Amurka kuma kowace jiha na da dokarta ta buɗe takardun hukuma. Ku duba ta ƙasarku da yadda take aiki a matakin da makarantarku take. Abin da za ku nema: nawa aka ware wa makarantar a shekaru uku da suka wuce, nawa aka saki, rahoton injiniya na ƙarshe kan ginin, jerin makarantun da ke layin gyara da inda taku ta faɗo, in kuma rufewa ce, alƙaluman yawan ɗalibai da aka dogara da su. Ku nemi takarda takamaimai da sunanta da shekararta, tambaya mai faɗi amsa mai faɗi take samu.

Kada wani ya ce muku bin sawun kuɗi aikin banza ne. A Uganda wani bincike ya gano cewa tsakanin 1991 da 1995 kusan kashi 13 cikin ɗari ne kawai na kuɗin gudanarwa da gwamnati ke ware wa makarantun firamare yake isa makarantun. Da gwamnati ta fara buga adadin kuɗin da ta tura a jaridu, iyaye da shugabannin makarantu suka san abin da ya kamata ya zo musu, zuwa 2001 abin da ke isa ya haura kashi 80.

Na huɗu, lokaci

Wannan gajere ne amma shi ke kashe yawancin ƙoƙari. Kuɗin gwamnati kashi biyu ne, na gudanarwar yau da kullum da na manyan ayyuka. Canja famfo ko gyaran ƙofa ana iya yi daga na farko a kowane lokaci, amma sabon aji ko sabon rufi sai ya shiga kasafin manyan ayyuka, shi kuma watanni kafin a karanta shi a majalisa sassa suke miƙa buƙatunsu. In kuka zo bayan an amince da kasafi za a ce muku babu kuɗi bana, kuma wannan karon gaskiya aka faɗa muku. Ku tambayi magatakardan majalisa yaushe shekarar kuɗi ke farawa, yaushe sassa ke miƙa daftari, yaushe ake sauraron jama'a, sai ku lissafa baya ku fara da wuri. Haka maganar rufe makaranta, inda doka ta tanadi lokacin jin ra'ayin jama'a yana da ranar rufewa, abin da ya zo bayan ranar ba dole ne a karanta shi ba.

Na biyar, takarda da ganawa

Shafi ɗaya ya isa. Su waye ku, mece ce matsalar da alƙalumanta, me kuke so a yi, zuwa yaushe, da lambar mutum biyu da za a tuntuɓa. Hotuna da sa hannun iyaye a maƙala a baya. Ku kai kofi biyu a buga muku hatimin karɓa a ɗaya ku dawo da shi, in ta imel ne ku adana shi. Fayil ɗaya za ku buɗe, na takarda da na waya, duk abin da ya shiga ko ya fita ya kwana a ciki.

In an ba ku lokacin ganawa kada ku tafi ku ashirin, uku zuwa biyar ya wadatar, kuma ku raba aiki tun daga gida, wane zai buɗe magana, wace za ta ba da labarin abin da 'yarta ke fuskanta, wane ke riƙe da alƙaluma, wani kuma aikinsa rubutu kawai. Ku yi gaisuwa yadda ya kamata, ku girmama kujerar ko da ba ku zaɓi mai ita ba, amma kada gaisuwa da godiya su cinye minti goma sha biyar ɗin da aka ba ku. Za a iya ce muku ai ba hurumina ba ne, kar ku yi musu, ku ce to ranka ya daɗe hurumin wa ne, za ka iya haɗa mu da shi ko ka rubuta masa kai tsaye? Za a iya cewa babu kuɗi, ku tambaya me ake buƙata don aikin ya shiga daftarin baɗi, wa ke rubuta shi. Za a iya cewa muna kan dubawa, ku ce mun gode, wace rana za mu dawo mu ji sakamako? Kada ku miƙe sai kun samu abu uku, wa zai yi, me zai yi, yaushe. Washegari ku aika gajeren saƙon godiya da ya maimaita abin da aka amince a kai, wannan saƙon shi ne shaidarku in an manta.

Na shida, zaman majalisa na bainar jama'a

Majalisun birane da hukumomin makarantu da yawa na da zaman da kowa zai iya shiga, wasu ma suna ba jama'a damar magana. A jihar California dokar da ake kira Brown Act ta 1953 ta wajabta a fitar da ajandar zama na yau da kullum awa 72 kafin a zauna. Ku nemi ƙa'idar taku majalisar, yaushe ake fitar da ajanda, sai an yi rajista kafin a yi magana ko a'a, minti nawa ake bayarwa. Yawanci biyu ne ko uku, kuma suna ƙarewa kafin ka ankara, don haka a rubuta a gwada a gida da agogo. Misali:

"Mai girma shugaba, 'yan majalisa, ni mahaifiya ce, 'yata tana aji biyu a ƙaramar sakandaren unguwarmu. Banɗakunan 'yan mata huɗu a rufe suke tun farkon zango, yara mata na komawa gida da tsakar rana wasu ba sa dawowa. Mun rubuta wa sashen ilimi, ga kofin takardar da hatiminsu. Muna roƙon majalisa ta umarci a turo injiniya cikin wannan watan, a kuma sa aikin cikin kasafin da kuke shiryawa. Iyayen da suka zo tare da ni, don Allah ku miƙe a gan ku."

Wannan miƙewar tana aiki sosai, mutum talatin da suka tashi tsaye shiru sun fi ihu tasiri a idon wanda ke lissafin ƙuri'a. In mutum biyar za su yi magana kada su maimaita abu ɗaya, kowa ya ɗau ɓangare, lafiya, tsaro, karatu, kuɗi, amma duk a rufe da buƙata iri ɗaya kalma da kalma. Yaran kansu ma suna da bakin magana, Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 a sashe na 12 ta ce a saurari ra'ayin yaro kan abin da ya shafe shi, kuma ɗan shekara 13 ya san abin da ke faruwa a ajinsa fiye da mu duka. Sai dai yaron da ya so da kansa, da yardar iyayensa, kuma da kalmominsa, ba a rubuta masa a tura shi gaba ba.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma ku lura da waɗanda kuke tarawa. Iyayen da ke da lokaci da babbar waya su ne ke cika taro, alhali waɗanda matsalar ta fi ci su ne masu aikin dare, da uwar da ke rainon yara ita kaɗai, da iyayen yara masu buƙata ta musamman, da waɗanda ba sa jin harshen da ake aikin ofis da shi. Ku bi su gida-gida, ku sauya lokacin taro, ku samo mai fassara. Ku jawo iyayen 'yan ajin ƙarshe na firamare domin su ne masu shigowa baɗi, da tsofaffin ɗalibai, da maƙwabtan makarantar. 'Yan siyasa za su zo musamman in zaɓe ya matso, ku karɓi kowa ku saurare shi ku nemi ya faɗi matsayarsa a rubuce, amma kada ƙungiyar ta ɗau tutar jam'iyya, ranar da ta ɗauka rabin iyaye za su janye, wanda ke kan kujera kuma ya samu dalilin cewa 'yan adawa ne suka turo ku.

In an yi muku shiru

Hawa-hawa ake yi. Takardar tuni da ke ambaton ta farko da kwanan watanta, sannan ofishin da ke sama da kofi ga wanda ya yi shirun, sannan ɗan jarida. Ɗan jarida labari yake so mai hoto da adadi da mutum, ku ba shi fayil ɗin a shirye, ku bar shi ya nemi jin ta bakin hukuma. A intanet ku tsaya kan aikin da ba a yi ba, banda zagi banda zargin sata da ba ku da hujjarsa, wannan na iya kai mutum kotu ya kuma mayar da maganar ta koma kan ku maimakon kan makaranta. In za a yi gangami a bi dokar wurin, a sanar da wanda ya kamata, kada a hana yara karatu ranar. In kuna ganin an karya doka ƙarara, kamar rufe makaranta ba tare da sauraron jama'ar da doka ta tanada ba, lokacin neman lauya ya yi, kuma da wuri, irin waɗannan ƙararrakin suna da wa'adi.

Wani lokaci abin na yin tsanani sosai. A Chicago an rufe makarantu kusan 50 a 2013, a 2015 kuma iyaye da 'yan unguwar Bronzeville suka yi yajin cin abinci na kwana 34 kan babbar sakandaren Dyett da aka rufe, aka sake buɗe ta a 2016 a matsayin makarantar fasahar zane da kiɗa, ba irin tsarin da su suka nema ba. Ban kawo wannan don a kwaikwaya ba, lafiyar mutum ba abin wasa ba ce, kuma su ma sai da suka shekara suna tarurruka da rubuce-rubuce har da cikakken tsarin makarantar da suke so kafin a kai nan. Na kawo shi ne don ku shirya wa samun rabin abin da kuka nema, ku tattauna tun yanzu a tsakaninku mene ne za ku iya karɓa, mene ne ba za ku sauka daga kansa ba, kada a zo a yi muku tayi a teburi ku fara gardama a gaban jami'i.

Bayan an yi alkawari

Ku nemi ganin layin aikin a cikin kasafin da aka amince da shi, da adadin kuɗin, sannan ku bi ranar da aka saki kuɗin, wa aka ba kwangila, yaushe zai gama. Mutum biyu su riƙa leƙawa da izinin shugaban makaranta suna ɗaukar hoto, in an ga aikin ha'inci a rubuta tun kafin a biya ɗan kwangila cikon kuɗinsa. In an gama ku gode wa jami'an da suka yi aikin a fili da sunayensu, a majalisar da kuka kai kuka, domin za ku dawo da buƙata ta biyu a jerinku.

Ƙaramar sakandare shekara uku ce ko huɗu, babban gini kuma yakan ɗauki fiye da haka daga takarda zuwa buɗewa, wato iyayen da suka fara maganar yaransu za su gama kafin a ƙare. Don haka kowace shekara ku sa aƙalla mutum biyu daga iyayen 'yan aji ɗaya cikin kwamitin, ku tafi da su ganawa su san fuskokin jami'an, kafin hutun ƙarshen shekara kuma a zauna a miƙa musu fayil ɗin da lambobin waya da jerin alkawuran da ba a cika ba da ranar da za a koma kan kowanne.